Taron ƙungiyarmu na jiya

Daga aikin dare, ƙafafu a kumbure, na wuce taron reshenmu na NANNM, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma. Da can gani nake kuɗin da ake cire mana duk wata asara ce.

Sai wata ƙanwarmu ta miƙe, muryarta na rawa. Ɗan'uwan majinyaci ne ya mare ta a bakin gado don jini bai iso ba, kuma ita kaɗai ce a ɗakin. Shugabar reshe ta riƙe hannunta ta ce, "Ƙanwata, gobe tare za mu shiga ofis." Wallahi sai da na share hawaye.

Ƙarancin ma'aikatan nan na cikin abin da ya jawo yajin aikin gargaɗi na Yulin 2025.