Matan da ke allurar penta, waye ke duba lafiyarsu?

Duk sanda aka tada maganar shaye-shaye a tsakanin mata, kodin kawai muke kawowa, musamman tun bayan da gwamnati ta hana shi a 2018. Amma akwai wasu matan da kusan ba a maganarsu, su ne masu yi wa kansu allura, yawanci pentazocine, allurar kashe zafin ciwo da ake ce wa penta. Wasu ma fa ba da niyyar maye suka fara ba, sikila ce ko zafin tiyata aka yi musu allurar a asibiti, jiki ya saba, shikenan aka koma siya a kemis a ɓoye.

Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2018 ya ce wajen mutum 80,000 ne ke allurar ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin biyar mace ce. A masu shaye-shaye gaba ɗaya kuwa ɗaya cikin huɗu mace ce, amma in ka je wuraren da ake jinyarsu da kyar ka samu mace ɗaya cikin ashirin. Toh ina sauran suke? Suna ɗaki, suna ɓoyewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda cutar ke shiga jikinsu. Sau da yawa mace ba ita ke soka wa kanta ba, saurayi ne ko miji ko ƙawa, saboda jijiyar mata ta fi wahalar samu, kuma shi mai sirinjin shi ke fara yi sannan ya juyo kanta da allurar da ya gama amfani da ita, duk abin da ke jininsa ya wuce nata kai tsaye, kuma ba ta da bakin cewa a canza tunda shi ya siyo. Ƙanjamau kowa ya sani. Amma ciwon hanta nau'in C ya fi saurin bin allura, ƙwayar cutar na iya yin makonni a cikin sirinji ba ta mutu ba, kuma mutum zai yi shekaru ba alama sai hanta ta lalace. Ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkewa da ƙwayoyi cikin sati 12. Nau'in B kuwa akwai rigakafinsa. Ga kuma gyambon da penta ke bari a cinya da hannu, fata ta taurare, miki ya ƙi warkewa, ita kuma ta rufe da hijabi tana shafa man zafi. Wani lokacin ƙwayoyin cuta su bi jini har zuciya.

In kuɗi ya yanke wasu sai sun ba da kansu kafin su samu, nan ma wata ƙofar ce.

Sai batun ciki. Mai juna biyu da ke allura tana tsoron zuwa awo don kar a ga tabon hannunta a yi mata tsawa a gaban mutane, alhali a awon ne ake gwada ƙanjamau a ba ta maganin da zai kare jaririn. Kuma don Allah a daina cewa ta bari lokaci ɗaya, yankewa farat ɗaya na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, sai da likita.

Na san wasu za su ce raba sabon sirinji ai ɗaure wa ɓarna gindi ne. Ni dai ban yarda ba. An gwada shi a Gombe da Oyo da Abiya a 2020, kuma amfaninsa ba allurar kaɗai ba ne, ta nan ake samu a yi mata gwaji, a wanke mikin, a fara maganar dainawa. Hanyar da muka saba, wato ɗaure mutum da mari, mun ga gidan marin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda ake azabtar da mutane.

Abin da nake ganin ya kamata, a samu ma'aikata mata, ɗakin da ba kowa ke jin maganarta ba, wurin da za ta zo da goyonta, kuma a yi gwajin hanta da ƙanjamau da awo duk a rana ɗaya, don in ka ce ta dawo jibi wallahi ba lallai ta dawo ba.