Sana'ar tayar da tsofaffin jiragen ruwa na alminiyum

Aikina gyaran ƙananan jiragen ruwa ne na alminiyum, irin waɗanda aka ƙera tun shekarun 1950 da 1960, masu tsawon ƙafa 12 zuwa 16, waɗanda ake rataya wa inji a baya. Shagon ƙarami ne, ni da yara kaɗan da ke koyon aikin. Yawancin jiragen da ake kawo mana sun daɗe a yashe a bayan gida ko a ƙarƙashin bishiya, cike da ganye da ruwan sama. Mai jirgi yakan fara da tambayar ko zai sake ƙyalli kamar sabo. Ni kuma abin da nake son ji shi ne inda jirgin ya kwanta, da irin ruwan da ya shiga, da abubuwan da aka ɗaɗɗaura masa tun fitowarsa daga masana'anta. Amsoshin nan su suke gaya mini girman aikin, tun kafin in taɓa guduma.

Asalin jiragen nan yana da alaƙa da jirgin sama. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, Amurka ta wayi gari da tarin alminiyum da dubban ma'aikata da suka ƙware wajen haɗa farantan alminiyum da ribit, wato ƙusa marar tsini da ake baje wutsiyarta. Kamfanin Grumman, wanda ya yi suna wajen ƙera jiragen yaƙi, ya fara yin kwalekwale na alminiyum. Alumacraft da Crestliner sun fara a 1946, Lund kuma a 1948, dukkansu uku a jihar Minesota mai yawan tafkuna. Shi ya sa in ka kifa ɗaya daga cikin jiragen nan ka dubi layin ribit ɗinsa, za ka ga hannun maƙeran jirgin sama: tazara daidai, layi a miƙe, faranti siriri wanda sau da yawa kaurinsa bai kai milimita 2 ba. Nauyin alminiyum kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, don haka mutum biyu suna iya ɗaga ƙaramin jirgi su ɗora a kan mota. Wannan sauƙin ne ya sa mutane suka so su, kuma har yau shi ne dalilin da ya sa ake neman a raya su.

Alminiyum ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi, yakan yi wa kansa wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ce ke tsare shi. In aka karce ta, nan take take sake fitowa. Saboda haka tsufa kaɗai ba ya kashe jirgin alminiyum. Abin da ke kashe shi, a abin da na gani a shagona, wasu abubuwa ne na daban da aka haɗa shi da su. In jan ƙarfe ko tagulla ya taɓa alminiyum alhali akwai ruwa a tsakani, musamman ruwan gishiri, sai su zama batir ƙarami, kuma alminiyum ne ke narkewa. Wannan ba sabon darasi ba ne. Jirgin tsere Defender, wanda ya ci gasar kofin Amurka a 1895, an yi samansa da alminiyum, ƙasansa da tagulla, kuma ƙarafan sun ci juna har aka farfasa shi a 1901. Abin da ya faru da wancan babban jirgi shi nake gani a ƙanana: sukurun tagulla da aka ɗaura fitila da shi, guntun wayar lantarki da ya faɗa ƙarƙashin daɓe, kwabon jan ƙarfe da ya zame daga aljihu, katakon da aka tsuma da maganin gara mai jan ƙarfe a ciki, fentin hana gansakuka da aka yi don jiragen katako. Kowannensu yana barin rami a inda ya kwanta. Akwai kuma masu haɗa wayar batir da jikin jirgi kamar yadda ake yi a mota. A mota babu laifi, a jirgin ruwa kuwa hanya ce ta huda shi cikin gaggawa.

Don haka rabin aikin farko cirewa ne. Muna ɗaukar hoton kowane lungu, sannan mu fitar da daɓe, da kujeru, da wayoyi, da soson da ke sa jirgi ya yi iyo ko ya cika da ruwa. Tsohon soson nan yakan sha ruwa ya riƙe, ya yi nauyi, ya manne wa faranti yana hana iska isa gare shi. Inda iska ba ta kai ba, fatar nan mai tsaro ba ta iya sabuntawa. In ka ɗaga soson za ka tarar da farin gari, ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka. Wasu ramukan na sama-sama ne, wasu kuwa in ka haska tocila ta ciki za ka ga haskenta ta waje. Ƙaramin allon masana'anta mai ɗauke da lamba da iyakar ƙarfin inji muna cire shi a hankali mu adana. A Amurka sai daga Nuwamba 1972 aka wajabta lambar jirgi mai haruffa 12, saboda haka ga jiragen da suka girmi wannan doka, allon nan shi ne sau da yawa kaɗai shaidar asalinsu.

Bayan an wanke jirgi tas, sai gwajin ruwa. Muna ɗora shi a kan madogarai masu ƙarfi, mu toshe mafitar ruwa, mu zuba ruwa a ciki har ya rufe layukan ribit na ƙasa, sannan mu shiga ƙarƙashi da alli. Duk ribit ɗin da ya yi gumi ko ya ɗiga, a zagaye shi. Ba a cika jirgi har baki, domin kowace lita kilo ɗaya ce, kuma an ƙera jirgi ne don ya jure ruwa daga waje. Akwai wata alamar da nake koya wa yara su nema ko babu ruwa: baƙin zane da ke zagaye kan ribit. Wannan garin alminiyum ne, yana nuna ribit ɗin ya saki yana motsi a raminsa.

Ribit shi ne zuciyar sana'ar, kuma a nan nake ɗaukar lokaci. Ƙusa ce ta alminiyum marar tsini, mai kai a gefe ɗaya. Ana zura ta a rami, mutum ɗaya ya sa bindigar iska a kan kanta daga waje, ɗayan ya danna dunƙulen ƙarfe mai nauyi a wutsiyarta daga ciki. Bugun yana sa jikinta ya kumbura ya cika ramin, wutsiyar ta baje ta zama kai na biyu. Kumburin nan ne ke hana ruwa shiga. Ƙa'idar da muka gada daga maƙeran jirgin sama ita ce wutsiyar ta fito da tsawon da ya kai kaurin ribit sau ɗaya da rabi, bayan bugu kuma faɗinta ya kai kaurin sau ɗaya da rabi, tsayinta rabin kaurin. In bugu ya yi yawa, farantin da ke gefe zai miƙe ya lotsa. In ya gaza, ruwa zai bi. Mutanen biyu ba sa ganin juna, kuma ƙarar ba ta bari a ji magana, sai su yi amfani da ƙwanƙwasa: ɗaya na nufin ƙara, biyu na nufin ya isa. Yaron da ke riƙe dunƙule shi ke yanke hukunci, domin shi ke ganin wutsiyar. Nakan daɗe kafin in ba sabon yaro wannan matsayi, kuma ranar da na ji ya ce mini daga ciki, "Maigida, wannan bai zauna ba, a cire shi," na san ya fara zama ma'aikaci.

Ribit ɗin da ya ɗan saki sau da yawa ƙarin bugu kaɗan ya ishe shi. Wanda ya ci ko kansa ya tsage, sai cirewa. Ana ɗiga alama a tsakiyar kansa, a huda kan kawai, a ɓalle shi, a tura jikin ya fita ta baya. Mai gaggawa yakan zarce da injin huda har ya faɗaɗa ramin, daga nan kuma dole a koma ribit mafi kauri. Ribit ɗin da ake ja da filaya ta gefe ɗaya, wanda tsakiyarsa a buɗe take, ba na sa shi ƙarƙashin layin ruwa. Na sha cire irinsa daga jiragen da aka yi wa gyaran sauri, an shafe kansa da gam, ruwa kuwa yana bi ta tsakiya.

Mutane da yawa suna tambaya me ya hana a yi walda kawai a huta. Walda tana da wurinta, a ƙashin gindin jirgi ko a kusurwa mai kauri, amma a siririn faranti mai ribit ina guje mata. Alminiyum yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Salsiyos, fatar da ke kansa kuwa sai zafi ya haura 2,000. Ga shi ba ya yin ja kafin ya narke, don haka ba ya gargaɗi, sai dai ka ga rami ya buɗe. Ko a hannun gwani, zafin yana tausasa farantin da ke gefen ɗinkin, ƙarfin da ya samu wajen murzawa a masana'anta ya ragu, kuma tsaga ta gaba a daidai nan take fitowa. Zafin yana kuma ƙone danƙon da aka shimfiɗa tsakanin farantai tun farko, sai layin da bai taɓa yoyo ba ya fara. Ga tsaga, abin da na fi yarda da shi shi ne a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya, a yanko faci daga alminiyum na ruwa irin 5052, a shafa danƙon da ba ya cin ƙarfe, a ɗinke da ribit. Facin yana bayyana, kuma ban ga aibu a hakan ba. Jirgin da aka haɗa da ribit ya fi karɓar gyara da ribit, domin duk jikinsa yana lanƙwasa tare in igiyar ruwa ta buge shi.

Bangon baya, inda ake rataya inji, kusan kullum a ruɓe yake zuwa. Falanki ne a tsakanin farantai, kuma kowane rami da aka huda don noti ƙofa ce ga ruwa. In ka kama ƙafar inji ka girgiza ka ga bangon yana numfashi, katakon ya mutu. Muna zaro tsohon a matsayin ma'auni, mu yanka sabo daga falankin da aka yi don ruwa, mu shafe shi da ifoksi, wato gam mai tauri da ke hana ruwa shiga, ta kowane gefe, har cikin ramukan noti. Notin sitenlas muke sawa, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, tare da zoben roba da man da ke raba ƙarfen biyu, domin shi ma sitenlas yana cin alminiyum in an bar su fata da fata a ruwan gishiri. A nan ne kuma nake zaunar da mai jirgi kan maganar inji. An ƙera jiragen nan ne lokacin injuna marasa nauyi masu shan fetur gauraye da mai. Injin zamani mai ƙarfi iri ɗaya yakan fi nauyi, ya danne bayan jirgi, ruwa ya riƙa hawowa ta bango. Abin da allon masana'anta ya ce shi ne iyaka, kuma sau da yawa nakan ba da shawarar a tsaya ƙasa da shi.

Gogewa da fenti su ne na ƙarshe, kuma su ne mafi sauƙi in an kiyaye abubuwa kaɗan. Buroshin baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin alminiyum wanda daga baya zai ci shi, don haka namu na sitenlas ne kuma ba ya taɓa wani ƙarfe. Soda mai ƙarfi tana cin alminiyum, ba ta shiga shagon. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, shimfiɗar fenti ta farko mai ruwan ɗorawa-kore da ke ƙarƙashinsa kuma guba ce ga huhu, saboda haka babu mai goge ta sai da takunkumi na ƙwarai. Fenti ba ya kama alminiyum sai an kankare, an wanke, an sa shimfiɗa mai cizo ba tare da jinkiri ba. Masu son ƙyalli irin na madubi muna yi musu, amma nakan gaya musu cewa kowace gogewa tana rage farantin da dama siriri ne, kuma ƙyallin zai dushe ya nemi a sake. Ni dai na fi son launin toka na asali.

Ta fuskar kasuwanci, ba na yanke kuɗin aiki gaba ɗaya a ranar farko. Ina karɓar na kwancewa da gwajin ruwa, sannan in kira mai jirgi ya zo ya ga zanen alli da idonsa kafin mu yi maganar sauran. Wasu jiragen nakan ƙi su. In ramukan sun bazu a duk gindin har farantin yana lotsawa ƙarƙashin babban yatsa, faci ba zai cece shi ba, kuma ba zan sa mutum da 'ya'yansa a ciki ba. Yana yi mini zafi in faɗi haka ga wanda ya kawo jirgin mahaifinsa, amma ina faɗa. Akwai kuma abin da ba na sassautawa ko mai jirgi ya roƙa a rage kuɗi: sabon soso wanda ba ya shan ruwa dole ya koma ƙarƙashin kujeru, a ɗage shi kaɗan daga gindi don ruwa ya samu hanyar wucewa. Jirgin alminiyum marar soso in ya cika da ruwa nutsewa yake yi.

Ranar miƙa jirgi muna sa shi a ruwa tare da mai shi, mu ɗaga daɓe ya ga gindin a bushe. Sannan in nuna masa dunƙulen da aka ɗaura don ruwa ya ci shi a maimakon jirgin, na tutiya ga ruwan gishiri, na magniziyam ga ruwan daɗi, in gaya masa kada ya shafa masa fenti, ya kuma canza shi in ya ci rabi. In ya fito daga ruwan gishiri ya ɗauraye jirgin. In zai ajiye shi ya cire toshiyar baya, ya ɗaga goshin sama ko ya kifa shi a kan katako marar magani. In kuma yana son ƙara fitila ko mariƙin sandar kamun kifi, ya dawo mu huda masa mu sa notin da ya dace.