Fito daga Banjul zuwa Barra: abin da na koya a bakin Kogin Gambiya

Na sha ƙetare bakin Kogin Gambiya daga Banjul zuwa Barra, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci da mota, a hanyar zuwa Kaulaha ta Senegal. Abu na farko da na gane shi ne ruwa ke da iko da wannan tasha fiye da agogo.

A nan kogin ya tsuke, faɗinsa bai wuce kilomita 5 ba, kuma wannan tsukewar ce asalin garin Banjul. A 1816 Turawan Ingila suka kafa Bathurst a tsibirin da ke bakin kogin don su tare jiragen masu fataucin bayi, a 1826 kuma suka gina ganuwar Fort Bullen a Barra, ta yadda igwa daga gaɓa biyu za ta rufe mashigin. A 1973 aka sauya wa Bathurst suna zuwa Banjul. Inda aka girke igwa jiya, kusa da nan jirgin fito ke tsayawa yau, kuma daga saman jirgin ana hango ganuwar idan an doshi Barra. Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Gambiya, wadda aka kafa a 1972, ita ta daɗe tana riƙe da fiton.

Jiragen masu ɗaukar mota ne da mutane tare, irin su Johe da Kanilai, sai Kunta Kinteh da kamfanin Damen na Holan ya ƙera, ya iso a 2017. A 2011 an sayo wasu biyu daga Girka, Aljamdu da Kansala, amma ƙirarsu ba ta dace da wurin tsayawa na tashoshin ba, haka suka yi ta zama ba aiki. Abin na ba ni takaici, domin jirgi da gadar da yake jingina da ita tare ake auna su.

Idan a ƙafa nake, da asuba nake isa don in samu jirgin farko. Tikiti a taga ake saye da dalasi, kuɗin Gambiya, kuɗin ba yawa, sai dai a riƙe canji. Daga nan sai ɗakin jira. Ba a buɗe ƙofa sai waɗanda suka zo sun sauka, kuma lokacin buɗewar ne turereniya ke tashi, don haka waya da fasfo na cikin aljihun gaba, ni kuma ina bari guguwar farko ta wuce. Ina hawa bene na sama in zauna kusa da inda aka ajiye rigunan ceto. Idan inji lafiya, minti 30 zuwa 45 an ƙetare. Idan inji ɗaya ya gaza kuma igiyar ruwa na ja, ana iya haura awa.

Mota ita ce wahalar. Layinta daban, tikitinta daban, manyan motoci kuma sai an auna nauyinsu. Ma'aikatan lodi ba bin layi kawai suke yi ba, nauyi suke rabawa dama da hagu kada jirgi ya karkata, shi ya sa za ka ga an kira ƙaramar mota daga baya an bar tirela. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, kuma lokacin na matsawa da kusan minti 50 kowace rana. In ruwa ya janye, gadar ƙarfen da ake bi a shiga jirgi sai ta yi gangare sosai, mota mai ƙasa ta goga ciki ko ta bar salansa a wurin. Nakan sauke fasinjoji, in shiga da giya ta ɗaya, a ɗan karkace. A ciki kuwa a ja handbirki, a bar mota a giya, mai lodi ya sa weji, wato abin tokare taya. Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da tsakiyarsa, lokacin ne yashin da ya taru a bakin tasha ke hana jirgi matsowa, farfela kuma ta kwashi laka ko tsohuwar koma.

Akwai manyan kwale-kwale masu inji a gefen tasha, ba sa jiran kowa. Ba su da gada, ƙarti ne ke ɗaukar fasinja a kafaɗa su kai shi ciki, a biya su. Ni ba na shiga idan iska ta taso, ko da dare, ko in na ga babu rigar ceto.

Daga Barra zuwa iyaka a Amdalai kimanin kilomita 20 ne, a buga hatimi, a shiga Karang ta Senegal, inda sefa ke aiki. Kaulaha na da nisan sama da kilomita 100 daga Barra, don haka mai zuwa ziyara Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyass a Kaulaha, da ya sauka a filin jirgin Yundum kusa da Banjul nan ce hanyarsa mafi kusa. Sai dai gab da Maulidi, da kuma Babbar Sallah da suke kira Tobaski, layin mota kan kwana.

Tun da aka buɗe gadar Senegambiya a Farafenni a Janairun 2019, idan ina da mota mai kaya a irin waɗannan ranaku nakan bi titin kudu zuwa Soma, sama da kilomita 150, in haye gadar in ɓulla Kaulaha ta Nioro. Mai ya fi ƙonewa, amma na san lokacin isata.