Tsirkiyar da ta fi ƙarfin hannuna

A shekarata ta biyu ina kaɗa gitar bas a bukukuwan aure nan Maradi, sai na sa wa raina cewa sautina ba shi da nauyi. Ganga na rufe ni, ban jin kaina. Na ɗora wa tsirkiya laifi, na ba wani direba mai zuwa Kano sautu, na ce ya samo mini mafi kauri.

Lambar da ke jikin kwalin kaurin tsirkiya take nunawa, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Wadda aka saba da ita 45 zuwa 105 ce, daga siririyar zuwa babbar cikin tsirkiyoyi huɗun, wato babbar, mai muryar da ake kira E, ta ɗan wuce milimita biyu da rabi. Shi kuwa ya kawo mini 50 zuwa 110. Na ɗaura da daddare ina ta murna.

Kwana uku wuyan gitar ya lanƙwashe kamar baka. Ashe tsirkiya mai kauri sai an ƙara ɗaure ta tamau kafin ta kai muryar da siririya ke kaiwa cikin sauƙi, kuma ko waccan ta yau da kullum, jan da huɗun ke yi wa itacen ya haura kilo 70. Tsirkiyoyin suka yi nesa da wuya, dannawa ta zama aikin ƙarfi. A wani biki a unguwar Zariya yatsuna biyu suka yi bororo tun kafin a kawo amarya.

Maigidana ya karɓi gitar, ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyan kamar mai duba bindiga.

"Kai yaro, wa ya aike ka?"

"Nauyi nake nema, Maigida."

Bai tanka ba. Ya sa ɗan makulli mai kusurwa shida ya juya ƙarfen da ke cikin wuyan mai miƙar da shi, rubu'in juyi kawai, ya ce a bar ta ta kwana. Ramukan da tsirkiya ke kwanciya a ƙarshen wuya ma sun yi wa sabbin kaɗan, shi ya sa saiti ke ta gocewa. Sai ya mayar da hannuna na dama kusa da wuya, ya ce in kaɗa da tsokar yatsa, a hankali, in ƙara amfili, wato na'urar ƙara sauti. Nauyin da nake nema ya fito nan take, har na ji kunya.

Na koma 45 zuwa 105. Masu kaurin na nan cikin leda, na ajiye su don ranar da mawaƙi zai ce a sauke muryar babbar tsirkiya daga E zuwa D, inda siririya ke sakwarkwacewa tana karkarwa. Wuyan kuwa duk shigowar hunturu sai na sake leƙa shi, don itace na motsi idan iska ta bushe.