Kwanceton goge na Sibelius: Heifetz, Oistrakh ko Neveu?

A cikin kiɗan Turawa na gargajiya babu abin da nake yawan komawa kansa irin kwanceton goge na Jean Sibelius, mutumin ƙasar Finland, kuma yau dai na ce bari in zauna in rubuta ra'ayina a kan faifai ukun da na fi saurara, don gardamar da muke yi da wani abokina malamin makaranta a can Pantami ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Shi ɗan gani-kashenin mai goge Jascha Heifetz ne. Ni kuwa Ginette Neveu nake bi, kuma ina da dalilina.

Ga wanda bai saba ba, kwanceton goge kiɗa ne da mutum ɗaya zai tsaya a gaba da gogensa, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da ake tokarewa a ƙarƙashin haɓa, makaɗa masu tarin yawa suna zaune a bayansa, wani lokaci su raka shi wani lokaci su yi ta ja-in-ja da shi. Na Sibelius kashi uku ne. A rubuce kiɗan yake, kowa abu ɗaya zai kaɗa ba ƙari ba ragi, amma wallahi idan ka ji mutum uku sun kaɗa shi sai ka rantse ba kiɗa ɗaya ba ne.

Akwai abin da ya kamata a sani game da Sibelius kafin a yanke hukunci. Shi fa tun yana saurayi burinsa ya zama shahararren mai goge, ba mai tsara kiɗa ba, sai dai bai fara koyo da wuri ba, ya je gwajin shiga ƙungiyar makaɗa ta Vienna a 1891 ba su ɗauke shi ba. Wannan ne kwanceto ɗaya tilo da ya rubuta a rayuwarsa, kuma da aka fara kaɗa shi a Helsinki a watan Fabrairun 1904 abin bai yi armashi ba, mai gogen Victor Nováček kiɗan ya fi ƙarfin hannunsa. Sibelius ya janye kayansa ya koma ya rage ya gyara, aka sake fito da shi a Berlin a 1905, Richard Strauss ne ya jagoranci makaɗan. Wato wanda ya rubuta kiɗan nan mutum ne da ya so goge ruwa a jallo kuma gogen ya kuɓuce masa, ni kuma wannan ciwon nake nema in ji a hannun duk wanda ya ɗauki bakan goge zai kaɗa shi.

To bari in fara da gwanin abokin nawa. Heifetz shi ne ya fara sa kwanceton nan a faifai, a 1935 a Landan tare da Thomas Beecham, sannan ya sake ɗauka a 1959 da makaɗan Chicago ƙarƙashin Walter Hendl, kuma na biyun ne muke magana a kai don sautinsa ya fi fita. Gaskiya mutumin nan ba a magana. Abin da yawancin masu goge ke ɗaukar sama da minti 30 suna kaɗawa shi a wajen minti 27 ya gama, kuma babu sauti ɗaya da ya zame masa, wuraren da ake danna tsirkiya biyu lokaci guda ana gudu sama shi ko gezau. A kashi na uku, inda tambura da manyan goge masu kauri ke buga wani taku mai nauyi shi kuma yana tsalle a kansu, ban taɓa jin wanda ya kamo ƙafarsa ba, wannan kam na sallama masa tuntuni. Matsalata da shi a kashi na farko take. Komai yana zo masa da sauƙi har ya yi yawa, yana wuce wurare masu zafi ba tare da ya tsaya ya bari su yi maka ciwo ba, sai ka gama ji kana mamakin Heifetz amma ka manta da Sibelius.

Da na faɗa wa abokin nawa haka cewa ya yi, “Haba Malam, yanzu don mutum ya iya aikinsa shi ne laifinsa? Ai wutar tana nan a ciki, kai ne kake so sai ka ga hayaƙi.” Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don idan ka sa iyafis mai kyau da daddare gari ya yi tsit za ka ji yadda yake matse tsirkiya da zafi a ƙarshen kashi na farko. Amma dai ban koma ɓangarensa ba.

David Oistrakh kuma wani abu ne daban. Haifaffen Odessa ne, ya ɗauki nasa faifan a 1959 shi ma, da makaɗan Philadelphia da Eugene Ormandy. Sautin gogensa mai kauri ne mai ɗumi, kuma a kashi na biyu, na sannu a hankali ɗin, inda kilarinet biyu, wato wani kayan busa na Turawa, ke buɗewa sannan goge ya shigo can ƙasa a kan tsirkiya mafi kauri ya yi ta jan waƙa doguwa kamar numfashinsa ba zai ƙare ba, nan kam Oistrakh ya ciri tuta, babu ja. Idan raina ya ɓaci ko na dawo daga aiki a gajiye kashin nan nasa kaɗai nake kunnawa. Sai dai ɗumin nasa yana bin kiɗan gaba ɗaya har wuraren da ya kamata a ji sanyi da kaɗaici, shi ya sa nake ajiye shi a na biyu.

Yanzu ga Neveu. Bafaransiya ce, an haife ta a 1919, tana da shekara 15 ta ci gasar goge ta Wieniawski a Warsaw a 1935, kuma wanda ya zo na biyu a bayanta shi ne Oistrakh ɗin nan da na gama yabo, yana da shekara 26 a lokacin. Ta ɗauki Sibelius a Landan a watan Nuwamban 1945, watanni kaɗan da gama yaƙin duniya na biyu, tare da ƙungiyar Philharmonia wadda a shekarar ma aka kafa ta, Walter Susskind yana jagora. Faifan tsoho ne, sautinsa a ƙuntace yake, akwai ɗan shuuu a bayansa, wanda ya saba da sabbin ɗauka zai iya cewa me ye wannan. Ka daure minti biyu kawai. Kiɗan yana farawa ne da ƙananan goge da aka danne sautinsu suna wata 'yar rawar murya can ƙasa-ƙasa, kamar hazon hunturu da asuba a hanyar Dukku lokacin da ba ka ganin gabanka sosai, sai muryar gogenta ta ratso ciki siririya, ba ta gaggawa ba ta kuma neman a tausaya mata. Daga nan take fara hawa a hankali, tana ƙara nauyin baka, kafin a kai tsakiyar kashin inda Sibelius ya sa makaɗa duk su yi shiru a bar mai goge shi kaɗai na tsawon lokaci (yawancin masu tsara kiɗa kusa da ƙarshe suke ajiye wannan wurin, shi ya kawo shi tsakiya ya ɗora masa nauyin kashin gaba ɗaya) ta riga ta kama ka. A wurin nan za ka ji bakan yana cizon tsirkiya, za ka ji ƙarfin da take sawa, wani sautin ma yana fita da ɗan kaushi kuma ba ta goge shi ba ta bar shi haka, don kiɗan kokawa ce kuma ta yarda ta yi kokawar a gabanka. Duk sanda ta kai ƙarshen wurin nan makaɗa suka dawo sai tsigar jikina ta tashi.

Kashinta na uku bai kai na Heifetz gudu ba, ta fi shi nauyin taku, kowane bugu sai ta dasa shi a ƙasa, abokina yana cewa jan ƙafa take yi ni kuma ina ganin haka rawar take, ta masu ƙarfi ce. Abin tausayi, shekara huɗu bayan ɗaukar faifan, a watan Oktoban 1949, jirgin da ta hau daga Paris za ta Amurka ya faɗi a tsibiran Azores, ta rasu tana da shekara 30 tare da ɗan'uwanta Jean mai kaɗa mata piyano. Wasu na cewa tausayin mutuwarta ne ke sa a fifita faifan. Ni dai kunnena ne ya zaɓa, kuma duk mai shakka ya saurari kashi na farko nata da na Heifetz a jere a zama ɗaya.

Cikin na baya-bayan nan akwai na Hilary Hahn na 2008 da Esa-Pekka Salonen, tsaf-tsaf yake kuma sautin ɗaukar ya fi duk waɗancan, wanda zai fara jin kwanceton a karon farko zan iya ce masa ya fara da shi don zai ji kowane kayan kiɗa a fili. Yana da kyau, bai dai girgiza ni ba.

Wanda ya ƙara min fahimta shi ne faifan Leonidas Kavakos na 1991 da Osmo Vänskä da makaɗan Lahti, lokacin da iyalan Sibelius suka ba da izini aka ɗauki asalin rubutun 1904 ɗin da ya janye. Ya fi tsawo, ya fi wuya, har da wani wuri na biyu a kashi na farko da mai goge ke kaɗawa shi kaɗai wanda daga baya Sibelius ya cire shi ɗungurungum. Idan ka ji shi za ka gane irin kayan nuna gwaninta da mutumin ya zubar da hannunsa don kada su rufe abin da yake son faɗa. Na tura wa abokin nawa shi ta WhatsApp na ce Malam ga hujjata nan, shi kansa Sibelius ba gudu da burgewa ya sa a gaba ba. Amsar da ya turo min ita ce in sake jin Heifetz na 1935 tukuna, wai a can yana da ƙuruciya kuma Beecham bai bar shi ya yi ta gudu shi kaɗai ba, mun yi da shi ranar Asabar bayan la'asar zan je Pantami mu saurara tare.