Nas mai shan sigari da tambayar da yake tsallakewa

Tunda na fara aikin jinya a Gombe na lura da wani abu game da abokan aikinmu masu shan sigari. Wasunsu wallahi sun fi kowa hannu, jijiyar da ta gagari kowa su za a kira, amma in aka zo tambayar majinyaci ko yana shan taba sai ka ga an tsallake wurin a folda. To da wane baki zai ce "Baba a daure a bar tabar nan" alhali yunifom ɗinsa warinta yake? Cingam da turare ba sa rufa asiri, mai tarin fuka da matarsa da ke jinyarsa sun ji tun daga ƙofa.

Kuma tambayar nan ba ta cika takarda ba ce. Taba tana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa wanda aka yi wa tiyata ciwonsa ke jinkirin warkewa in yana sha, mai tibi kuma ko ya warke tana iya dawo masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, ciki har da waɗanda hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Dokar taba ta 2015 ta hana sha a asibiti, amma dai a leƙa bayan wodi ƙarfe biyun dare.

Ni fa ban ga amfanin tozarta su ba. Mutum ɗaya da gadaje sun fi ƙarfinsa, ga barci, ga dangi na ta "Nas ruwa ya ƙare", nikotin kuma, sinadarin taba mai sa a kamu da ita, cikin 'yan sakanni ya kai ƙwaƙwalwa, haka kara ɗaya yake komawa kwali. Masu shisha ma, har da mata, kar su ce ba da su ake ba, taba ce aka sa wa ƙamshi.

Wanda ya fi iya yi wa majinyaci wannan maganar a wodinmu wani ne da ya sha ya daina. Ba ya wa'azi, tambaya yake: kara nawa a rana, na farko bayan asuba ne ko bayan shayi, wa ke ba ka? Ya san satin farko da ciwon kai da saurin fushi, sai ya gaya wa matar majinyacin ta yi haƙuri da shi a kwanakin nan.