Wasiƙa daga Mumbai: gidan su Kareena daga dandamali ya faro

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kowa ya ɗauki gaisuwarsa, domin in na ce zan jero sunaye ba za mu kai ga magana ba.

Tun da na sauka garin nan tambaya ɗaya ake yi mini a WhatsApp: "Ka ga Shah Rukh Khan?" Gwaggona ma cewa ta yi in gaishe mata da Kareena, sai ka ce katangarmu ɗaya. To ban ga kowa ba. Iyakacin abin da na gani katangar gidan Shah Rukh ce a unguwar Bandra, da tarin jama'a suna ɗaukar hoto da ƙofar da ke rufe. Na kuma san na yi muku alkawarin labarin abinci da kuɗin haya da takardun zama, zan taɓo su idan wuri ya rage.

Bari in fara da ruwan sama, don ya ishe ni. Daminar nan tun daga Yuni take har Satumba, kuma ba irin tamu ba ce da hadari zai haɗu a gabas ka samu ka kwashe shanya. Nan sai a wuni a kwana ana zuba, gari ya waye a ɗora. Kayan da ka wanke ranar Juma'a har Litinin da danshi, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, lema kuwa iska ce ke juya ta. Titi ya cika, jiragen ƙasa na cikin gari su yi jinkiri, masu a-daidaita-sahu su riƙa yi maka kallon banza suna wucewa. Waƙar cikin ruwa da kuke gani a fim, wallahi ban ga mai yin ta a titi ba.

A cikin wannan ruwan ne wani abokin karatuna ya ja ni unguwar Juhu, wani ɗan gidan wasan kwaikwayo mai suna Prithvi Theatre. Wurin zaman bai fi na mutum 200 ba, dandamalin ya shigo tsakiyar 'yan kallo ta yadda kana jin numfashin ɗan wasa. Da aka buga ƙararrawa ta ƙarshe sai aka ja ƙofa. Na ga wani dattijo da ya zo a makare, a jiƙe sharkaf, tikiti a hannu, aka ba shi haƙuri, ya juya ya nemi kujera a wurin shan shayin da ke harabar ba tare da ya ce "ka san ko ni wane ne" ba. A garin da ruwa ke tsayar da jirgi, wasa ya fara a kan lokaci. Masu shirya taro a gida, ban ce komai ba.

Sunan wurin na Prithviraj Kapoor ne, kakan mahaifin Kareena. Ku bi a hankali: shi ya haifi Raj Kapoor, Raj ya haifi Randhir, Randhir ya haifi Karisma da Kareena. Ranbir ma jikan Raj ne ta wajen Rishi. An haifi Prithviraj a 1906 a yankin Punjab da yanzu ke cikin Pakistan, ya yi karatu a Peshawar, ya taho Bombay (Mumbai ta yanzu) yana matashi neman shiga fim. Yana cikin Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana. Dattawanmu da suka yi zamanin silima za su fi tuna shi a Mughal-e-Azam na 1960, inda ya fito a Sarki Akbar, da muryar nan mai kamar tsawa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne 1944. Mutum ya yi suna, kuɗi sun fara shigowa, sai ya kafa ƙungiyar wasan dandamali mai yawo gari-gari, yana kwasar abin da ya samu a fim yana biyan 'yan wasa da kuɗin jirgi. Shekara 16 suna yawo, sun yi wasa sama da sau 2,600, kuma kusan kullum shi ne jarumin. Ba wasan soyayya ya sa gaba ba. Lokacin da ake ta maganar raba ƙasar, ya yi wasa a kan 'yan uwa biyu da aka gina katanga a tsakiyar gidansu, ya yi wani a kan amanar da ke tsakanin Musulmi ɗan ƙabilar Pathan da abokinsa Bahindu, wannan a 1947, shekarar da aka raba Indiya da Pakistan jini ya kwarara. Idan an tashi wasa yakan tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakar ƙyalle yana karɓar gudummawa don mabuƙata. 'Ya'yansa Raj da Shammi da Shashi duk a wannan ƙungiyar suka goge kafin su yi suna a fim. A 1960 ƙungiyar ta tsaya, ga tsada ga rashin lafiya.

Ya rasu a 1972 bai ga gidan wasan da ya yi ta buri ba. Autansa Shashi da matarsa Jennifer Kendal, Baturiyar Ingila wadda ita ma a ƙungiyar wasa mai yawo ta iyayenta ta tashi, su suka gina shi, aka buɗe a 1978. Shashi ya bi sawun uba, kuɗin fim ya zuba a ciki. Bayan rasuwar Jennifer a 1984 'ya'yansu suka ci gaba da riƙe wurin.

Ina zaune a ciki su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Samanja suka faɗo mini a rai, mutanen da suka iya riƙe 'yan kallo da murya da fuska kawai. Yau yaron da ke son wasa a Kano ko Kaduna, in ba ya samu shiga jami'a irin ta Zariya ba, ina zai je ya tsaya gaban mutum ɗari ya yi kuskure a gyara masa? Manyan jarumanmu na Kannywood akwai masu hali a cikinsu. Ɗaki mai kujera 200 bai kai kuɗin wasu motocin da muke gani a Instagram ba.

Abinci: akwai yaji, akwai shinkafa, nama na halal ana samu a unguwannin Musulmi, tuwo ne babu. Takardun zama kuwa ku zo da hoton fasfo da yawa da kwafin kowace takarda, har wadda kuke ganin ba za a nema ba. Kuɗin haya sai wasiƙa ta gaba.

Naku,
ɗan uwanku a Mumbai